Kunu a Jakar Zadok

Duk mai bin hanyar Jimeta zuwa Yola da sassafe ya san Zadok, ko bai san sunansa ba. Dogon tsoho ne mai furfura, yana gudu yana hararar mutane, in ka gaishe shi ma haushi yake ji. Shekara talatin ya yi yana masinja a sakatariya, ashirin daga ciki a buge. Ranar da ya bar burukutu ya fara gudu, don in ƙishin ya taso ba abin da ke kwantar da shi sai gajiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zuwa bakin tafkin Njuwa ya dawo, har cocinsu ta yarda da shi ta ba shi kujerar dattijo. Duk duniya ba abin da yake taƙama da shi kamar kujerar nan.

Ita ce kuma ta tsone wa maƙwabcinsa Nicodemus ido, don shi ya so ta. Mutum ne mai bakin zuma da baƙin ciki, kullum jira yake Zadok ya yi tuntuɓe.

Ana nan sai Keturah, 'yar Zadok, ta aiko masa da jakar ruwa irin ta masu gudu, wadda ake goyawa a baya, da tiyo mai zagayowa ta kafaɗa zuwa baki. Gogan naka ya raina ruwa zalla, wai tafiya mai nisa abinci take so. Ya shiga ɗura kunun zaƙin da matarsa Debbie ke damawa. Jakar yakan ɗauraye, tiyon kuwa ko tunaninsa bai yi ba. A zafin Yola! Kafin mako biyu tiyon ya yi tsami, yana wari kamar gindin tukunyar giya.

Nicodemus ya ga jakar a igiyar shanya, ya miƙo hannu ta kan katanga ya ɗauke ta ya shinshina. Ran Lahadi bayan sujada ya dire ta gaban dattawa.

"Fasto, shinshina da kanka. Mutumin nan yana goya giya a baya kaman jariri, yana sha a kan titi, ya zo ya zauna mana a gaba."

"Ƙarya kake, ɓarawon shanya!" in ji Zadok. "Kunu ne!"

Fasto ya kai tiyon hanci, ya yamutsa fuska. Dattawa suka kau da kai, ba wanda ya yarda da Zadok. Aka ce a kira matarsa.

Debbie ta karɓi tiyon ta daɗe tana shinshinawa. Tsoro ya kama Zadok.

"Fasto," ta ce, "shekara ashirin ina wanke warin burukutu daga rigan mutumin nan, daga katifa, daga bakin ƙofa inda yake kwana. Da wannan wari a bakinshi ya karya mini haƙorin nan. In shi ne, ni zan fara faɗa. Wannan kununa ne ya lalace."

Duk coci an san faɗuwa ta yi a bakin rijiya, domin abin da ta riƙa faɗa wa kowa ke nan, har 'ya'yanta.

Kujera dai ta tsira. Da suka koma gida Debbie ta tafasa ruwa ta wanke tiyon, ta jefa masa a cinya.

"Daga yau ruwa kawai. Kar ka sake sa ni buɗe baki a gaban mutane."

Har yanzu Zadok yana gudunsa, jaka a baya. In ya zo ƙofar Nicodemus sai ya cika baki da ruwa ya furzar a dokin ƙofar, kuma ya rantse ko gawarsa ba zai raka ba. Amma duk sanda Debbie ta yi dariya giɓin haƙorin nan ya bayyana, ƙasa yake kallo.