Ranar da Teku Ya Sa Na Goya Surukata

Ko zan manta da ranar da na fara taka ƙasar Amurka, ba zan manta da ranar da na goya surukata ba. Shekara shida ke nan, amma duk sanda na tuna sai na ji bayana ya amsa.

Hajiya ta zo mana Greensboro ne bayan haihuwar ’yarmu ta fari, ta yi wata shida a wurinmu. Gidanmu na lokacin a Glenwood yake, ɗan tsurut, wanda in ka yi atishawa a kicin sai a yi maka sannu daga uwar ɗaka. A irin wannan gida aka ce in yi surukuta irin ta Kano. Kullum da safe in durƙusa a bakin ƙofa, ido a ƙasa, in gaishe ta, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa bango. Sunana bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce wa matata “mutumin naki”. Loma kuwa ban taɓa kaiwa a gabanta ba. A mota nake cin tuwona, har maƙwabcinmu Bature ya taɓa tambayata cikin tausayi ko korata aka yi.

Matata ce ta ƙirƙiro tafiyar. Ta ga hoton wani ruwa a waya, yana zubowa daga kan dutse kai tsaye zuwa bakin teku, a wani tsibiri can gaɓar yamma. Ta rantse Mama ba za ta koma gida ba ta ga komai a Amurka sai asibiti da kanti ba. Muka hau jirgin sama, muka hau mota, muka ƙarasa da jirgin ruwa, Hajiya na ta salati tun daga tashi har sauka.

A tsibirin wani dattijo mai kula da wurin ya ja ni gefe. Ya ce hanya ɗaya ce, ta kan yashi, sai an kewaya wani ƙaton dutse da ya kutsa cikin teku. Da safe ruwa yana ja da baya, da yamma ya dawo. “Ku tabbata kun dawo kun wuce dutsen nan kafin ƙarfe uku,” in ji shi. “In ya rufe, babu ta inda za ku bi.” Na gyaɗa kai kamar na gane. Gaskiyar magana, na ɗauka ƙarfe ukun irin na ɗaurin aure ne, wanda ake zuwa huɗu da rabi a tarar ana shimfiɗa tabarma.

Wurin kuwa ya isa a zo kallonsa. Ruwa fari tas yana saukowa daga sama da rugugi, feshinsa na jiƙa fuska tun daga nesa, ga teku a gaba har iyakar gani. Hajiya ta tuɓe takalmi ta tsoma ƙafa, sanyin ya ratsa ta, ta yi tsalle ta fashe da dariya. Tun rasuwar mijinta Alhaji, shekara biyu, ba a ji ta yi irin wannan dariyar ba. Na ga matata ta juya tana share ido, ni ma raina ya yi fari.

Aka buɗe kula, shinkafa da dambun nama. Na ɗebi nawa na koma bayan dutse kamar yadda na saba. Daga can na duba agogo, biyu da rabi. Na je na raɗa wa matata, wadda ke ɗaukar bidiyo da goyo a baya, cewa ta faɗa wa Mama mu tashi.

“Five minutes,” ta ce. “Kai kullum sauri. Ga ta can ai, ka faɗa mata mana.”

In faɗa mata? Ni? Mutumin da bai taɓa haɗa ido da ita ba, shi zai ce wa surukarsa ta tashi? Kafin in gama shawara Hajiya ta yi alwala ta tayar da salla, ta haɗa azahar da la’asar, ta jawo carbi. Na yi ta kewaya ta ina gyaran murya. Da ƙyar na durƙusa daga nesa na ce, “Hajiya, ruwan nan dai kamar yana ƙaruwa.”

“Ikon Allah ke nan,” ta ce wa teku.

“Ƙarfe uku ma ta gota.”

“Kai, lokaci ba ya jira,” ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.

Abin da na kasa faɗa, teku ne ya faɗa. Igiyar ruwa ɗaya ta zo ta sure kular shinkafa da takalmin Hajiya ƙafa ɗaya. Sai a nan na buɗe baki na faɗi maganar dattijon. Kallon da matata ta yi mini har yau ban gama biyansa ba.

Muka iso gindin dutsen, yashin da muka taka da safe babu shi, ruwa ya kai cinya yana ja da ƙarfi. Tsoro ya kama ni sosai. Matata ta ƙara ɗaure goyonta sama, ta dafa dutse ta fara ratsawa. Hajiya mai ciwon gwiwa ta taka sau biyu, ruwa ya naɗe mata zani, saura kaɗan ta kife. Na durƙusa a gabanta na juya mata baya.

“A’uzubillahi!” ta ce. “Gara ruwan ya ci ni.”

“Mama, please, ki hau!” matata ta ƙwala daga gaba. “In kika tsaya ni ma dawowa zan yi, da jikarki.”

Jikar ce ta karya ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce da sharaɗin ko a lahira kada wanda ya ji wannan labari, sannan ta hau. Taku biyar na farko shiru, sai kalmar shahada a kunnena. A na shida na zame, sai na ji an shaƙe mini wuya, an kira sunana raɗau, har da na mahaifina. “Hagu! Hagu na ce, ba ka gani ne?” Matar da ta yi wata biyar tana amsa wa bango ita ce ta tuƙa ni kamar jaki har muka fita.

A kan busasshen yashi ta sauka, ta gyara ɗankwali, ta dube ni ido cikin ido karo na farko. “Tun yaushe ka san ruwan zai rufe?” Na ce tun da safe. Ta girgiza kai. “Da ka bari mun halaka saboda kunya, a can ma durƙusawa za ka yi ka ce mini ruwa kamar ya ƙaru?” Ta buɗe jakarta ta zaro sauran dambun nama ta miƙo mini. “Ci nan a gabana. Wanda ya goya ni ɗana ne.” Na karɓa na ci a gabanta.

Sharaɗin nata kuwa ita ta fara karya shi. Kafin ta yi sati a Kano, babu gidan suna ko biki da ba ta ba da labarin ba, kuma a nata labarin ruwan har wuya ya kai.

Har gobe ina durƙusawa in gaishe ta, ko a waya ne. Amma ranar na gane cewa yin shiru ba shi ne ladabi ba. In ka ga ruwa na tahowa kan wanda kake jin nauyinsa, buɗe baki ka ce ya tashi, tun kafin ka ɗauki nauyin nasa a bayanka.