Ruwan Wankan Maƙwabciya

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, muna zaune a wani gidan haya a Zongo, ɗaki shida tsakar gida ɗaya. Ɗakin da ke kallon namu na wata dattijuwa ne mai sayar da goro, wadda ta shekara uku ko gaisuwa ba ta haɗa ta da mahaifiyata. Ruwan damina ne ya haddasa. Ya cika tsakar gida, Inna ta haƙa masa hanya, sai ya bi ta ƙofar dattijuwar ya lalata mata huhun goro. Ta fito ta zage Inna tas a gaban jama'a, har da iyayenta da ke kabari. Inna ba ta rama ba, amma abin ya zauna mata a rai.

Wata safiya aka tarar da dattijuwar a ƙasa, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Ta yi mako guda a asibiti aka dawo da ita. 'Yarta ɗaya ce, tana aure can Godome, nesa da unguwarmu, ga yara ga shagon ɗinki, sai da la'asar take samun hawo zemijan, babur ɗin haya, ta leƙo. Matan gidan kowa na cewa, "Kai, ya kamata a taimaki baiwar Allahn nan." Suna faɗa suna wucewa kasuwa.

A kwana na uku Inna ta dafa ruwa ta sirka, ta ɗauki soso da sabulu, ta ce in biyo ta. Warin ɗakin ya sa na ja da baya. Ita ko fuska ba ta yamutsa ba. Dattijuwar na ganinta ta juya kai bango.

"Yaya, ɗaga min hannun nan mai lafiya," in ji Inna.

Ta wanke ta, ta shafa mata man kaɗanya, ta sake shimfiɗa. Kashegari ma haka, kullum kafin ta fita da tukunyar shinkafa da waken da take sayarwa.

A makonnin nan ne malaminmu na filozofi, wato falsafa, ya ba mu aikin gida: shin sanin abin da ya dace ya isa ya sa mutum ya aikata shi, ko sai zuciya ta so? Na cika shafi huɗu ban gamsu ba. Na sami Inna tana tsintar wake, na ce, "Inna, tausayinta kika ji?"

"Ko kaɗan. Har yanzu in na tuna zagin nan zuciyata tafasa take."

"To, don lada ne?"

"Lada na wurin Allah, ba ni zan yanka wa kaina ba." Ta watsar da tsakuwa. "Ke duba. Mace ce, dole mace ta wanke ta. 'Yarta na nesa. Ƙofata ce ta fi kusa, kuma ina da ƙarfin ɗaga ta. Da na zauna na auna wannan, sai na rasa hujjar zama. In na jira sai raina ya so, bayanta zai yi gyambo."

Na ce ai sauran matan ma sun san haka.

"A baki suka sani," ta ce, ta miƙo min faranti in taya ta.

Wata huɗu Inna ta yi tana wannan aiki, ko ranar da zazzaɓi ya kama ta ba ta fasa ba. Daga baya 'yar ta sami ƙarin ɗaki, ta zo da mota ɗaukar uwarta. Ana saka ta ciki, dattijuwar ta damƙe gefen zanen Inna, bakinta na motsi, magana ta ƙi fita. Inna ta gyara mata ɗankwali, ta ce wa 'yar, "Ki riƙa juya ta sau uku a rana, kuma ba ta son ruwa ya yi zafi sosai."

Da motar ta sha kwana, Inna ta daɗe tsaye a ƙofar gida. Sannan ta share ido da bakin mayafi, ta ce in je in duba wuta, kada wake ya kama.