Ranar da Na Rina Gurbin Su

Wata Asabar ce cikin bazara, ina aji huɗu a firamare, aka ɗora ni bayan a-kori-kura a bakin titin Mandawari, ina ɗaure da sabon zane mai shuni wanda ko ruwa bai taɓa gani ba. Motar cike take: ga Baba da abokan aikinsa uku na karofin rini na Ƙofar Mata, ga kakata Iya, ga mu yara an cusa mu kamar kaji a akurki. Za mu wani ƙauye ne a bakin kogin Challawa wajen su, wato kamun kifin da gari duka ke fita yi rana ɗaya tak a shekara. Iya ta rungume kwandon gurasa da ƙullin garin ƙuli, tana ta banka mini harara. Tun a soro ta ce in koma in sauya zanen, na ƙi. "Wa ya taɓa zuwa kogi da kayan Sallah in ba ke ba, Zulai?" Na yi kunnen uwar shegu da ita, domin so nake 'yan matan ƙauye su san 'yar birni ta iso.

Baba marini ne, hannuwansa shuɗi ne har gwiwa, babu sabulun da ya taɓa fitar da shi. Sarkin Ruwan ƙauyen nan, Malam Ado, wurin Baba yake kawo rinin rawani tun suna samari, daga nan abota ta ƙullu, shi ya sa duk shekara yake aiko mana da ranar su. Mu kuwa 'yan cikin ganuwa, ruwan da muka sani bai wuce layin famfo da kududdufin bayan gida ba, shi ma in aka gan ka a bakinsa ka sha bulala. Shekara guda muna shara, muna wanke-wanke, muna zaryar boko da islamiyya, muna ƙirga watanni. Ranar Litinin bayan su kuwa, ba mai shan iska a ajinmu saboda labarina. Zanen nan Baba ne ya rina mini da hannunsa, aka kai mabuga suka buge shi da shuni har yana ɗaukar ido. Irin wannan zane yakan zuba a jikin mai shi, kuma a gidanmu wannan zubar ita ce adon.

Mun isa da hantsi. Kogin ya janye, sai farin yashi shimfiɗe, da wani babban gurbi da ruwa ya kwanta a ciki ƙarƙashin tsamiyoyi. Mutane sun yi dafifi daga ƙauyukan kewaye, maza da homa da gora, mata da ƙore da kwanduna, makaɗi na gefe yana ɗaure gangarsa. Ƙa'idar wurin ɗaya ce: tun daga ranar da ruwa ya yanke, ba mai taɓa gurbin nan sai Sarkin Ruwa ya ba da izini an buga ganga. Abin da suke tsoro shi ne magimfa, wani ganye da mugaye ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya taso a mace. In aka ga alamarsa, su na shekarar ya rushe, wanda ya yi kuma ba ya ƙara taka garin, shi da nasa. Duk shekara ana faɗa mana wannan. Ni dai a kaina, kamun kifi aka hana. Ban taɓa kawo wanki cikin lissafin ba, don a gidan marina in zane ya zuba, ɗauraye shi ake yi a wuce wurin.

Kafin a buga ganga muka shiga wasa da 'yan matan garin. Muka yi 'yar gala-gala a kan yashi, muka jefi goriba, muka yi tsere har bakin gonakin albasa. Rana ta take, gumi ya karyo, shunin nan ya bi ƙafafuna da cikina da farar shimita. Wata mai baki a cikinsu ta nuna ni ta ce na koma gindin tukunya, sauran suka kwashe da dariya. Wallahi har yau in na tuna ina jin zafin dariyar nan. Na sulale ta bayan ciyayi zuwa wata kusurwar gurbin inda ba kowa, na kwance zanen, na tsoma, na cuɗa, na matse, na sake tsomawa kamar yadda nake ganin ana yi a gida. Ruwan ya yi shuɗi, ya koma baƙi-baƙi, ya fara yaɗuwa. Na ce ai zai kwanta. Na shanya zanen a kan wata geza, ya sha iska, na ɗaura abina na dawo.

Ko gurasar da Iya ta miƙo mini ban gama ci ba sai ihu ya tashi: "An zuba magani! An zuba magani!" Wuri ya hargitse. Makaɗi ya sauke gangarsa, jama'a suka yi kusurwar nan a guje, suka tsaya cirko-cirko suna salati. Can wani ya ce ruwa dai shuɗi ne, kuma kowa ya san masu shuɗin hannu a wurin nan. Idanu suka juyo kan Baba. Yana tsaye, hannuwan nan a sake, ba inda zai ɓoye su. Malam Ado, abokinsa na shekara da shekaru, ya kafa wa ƙasa ido ya ƙi kallonsa. Ban taɓa ganin Baba ya ƙanƙance haka ba, kuma ni na jawo masa. Na laɓe a bayan Iya. Tsohuwar nan ta kai hannu ta taɓa bakin zanena, ta ji danshi, ta ga ƙyallin ya tafi. Na runtse ido ina jiran mari. Sai ta sunkuyo ta ce a hankali, "Za ki faɗa da bakinki, ko ubanki ya koma gida da wannan sunan?"

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gaban Malam Ado ba. Na durƙusa na ce ni ce, zanena na ɗauraye. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce a kawo ƙwarya, ya ɗebo ruwa daga inda ya fi baƙi, ya sa homa ya kamo wata 'yar karfasa da ba ta wuce yatsa biyu ba, ya jefa a ciki, ya ɗora mini a cinya. Ya nuna wani dutse ya ce in inuwar tsamiya ta kai can kifin yana da rai, za a yi su. In ya mutu, kowa ya kama gabansa. Sannan ya ɗago ya dubi Baba: "Malam Ilu, ka san ƙa'ida." Baba ya ce ya sani. Daga baya ya gaya mana shi kansa bai da tabbas, domin akwai toka a cikin rini.

Kai, ban taɓa ganin inuwa mai nawa irin ta ranar ba. Gari guda ya kewaye ni yana leƙen ƙwarya. Na karanta duk abin da na haddace a islamiyya, har addu'ar shiga banɗaki sai da na haɗa da ita. Sau ɗaya kifin ya tsaya cak a gindin ƙwarya, wata mata ta ce shi ke nan, hawaye suka zubo mini. Sai ya kaɗa wutsiya ya kewaya. Da inuwa ta taɓa dutsen, Malam Ado ya ɗaga hannu, ganga ta tashi, mutane suka auka ruwa da sowa. Ni aka ce ba zan shiga ba bana. Ina zaune da ƙwaryata har la'asar ina kallon ana fito da tarwaɗa da ragon ruwa, sai da aka watse sannan na mayar da karfasar gurbi.

Da za mu tafi Malam Ado ya kawo wa Baba manyan tarwaɗa kamar yadda ya saba, suka yi musabaha suka daɗe ba su saki hannu ba. A mota ina jiran hukunci, amma abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Kwana uku na yi ina rina zanen nan." Iya kuwa har ta koma ga Allah "marinar kogi" take kirana. Da shekara ta kewayo, saƙon su ya zo kamar kullum.

Bara na ɗauki 'ya'yana muka je, don su ga wurin da nake ta ba su labari. Baba da Malam Ado duk sun rasu, an ce kuma an daɗe ba a yi su ba. Tsamiya ɗaya ta rage. Ruwan da masana'antu ke sakowa ya mayar da gurbin baƙi ƙirin, yana wari, ya ninka abin da zanena ya yi sau ba adadi. Masu babura suna ta wucewa ta gefensa, ko waiwaye ba sa yi. Na daɗe a tsaye har autata ta ja mayafina ta ce, "Umma, me kike jira?" Ashe jira nake wani ya ce a kawo ƙwarya.