Sarkin Gwangwani a Rumfar Ɗangiwa

Duk wanda ya san bakin tashar Tambuwal ya san Ɗangiwa mai faci, kuma duk wanda ya san Ɗangiwa ya san labarin tagiyarsa. Wata Juma'a ce, shekarun baya, ya tashi zai tafi masallaci, ya rasa inda zai ɓoye ɗan gwangwanin sholisho, wannan gam ɗin da ake liƙe facin taya da shi. Ya san in ya bar shi a rumfa, kafin liman ya sauko daga mumbari yaran tasha sun tsiyaye shi a tsumma sun shaƙe. Sai ya ɗora shi a tsakar kansa, ya kifa doguwar tagiyarsa a kai, ya kama hanya. Murfin bai rufu da kyau ba. Ga rana, ga ruku'u, ga sujada. Da aka sallame ya kai hannu zai gyara zaman tagiya, tagiya ta ce ita ta zauna ke nan. Wanzami ne ya raba su a ƙofar masallaci, yana aski yana dariya har aska na rawa. Matarsa Batula ta ce da ya shigo gida ba ta gane shi ba sai da ya yi tari.

Daga wannan rana Ɗangiwa ya daina ɓoye gwangwani. Abin da ya koma yi ne ya sa rabin unguwa suka ce gam ɗin ya ratsa har ƙwaƙwalwa. Ya tara yaran nan masu shaƙa, waɗanda makaranta ta kora, gida ya gaji da su, ya zaunar da su a rumfarsa yana koya musu cire taya da neman huji a cikin ruwa. Sannan ya ƙirƙiro sarauta. Duk mako yakan naɗa ɗayansu Sarkin Gwangwani. Shi zai riƙe sholishon tun safe, shi zai ɗiga wa kowa daidai faci, shi zai mayar da yamma. Sauran kuma dole su ce masa ranka ya daɗe, ko da jiya sun yi dambe.

Wasu 'yan wata ƙungiya daga Sakkwato sun taɓa zuwa suka ce abin da yake yi sunansa horon shugabanci, suka raba wa yaran riguna. Ɗangiwa ya yi godiya, ya ce shi dai faci ya iya.

Mai unguwa Maccido bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Iyaye na kawo masa ƙara cewa an tara masu maye an ba su ajiyar abin mayen. Ya kira Ɗangiwa a gaban dattawa ya ce, "Ranad da anka kama yaro guda na rumfarka shina tangaɗi, rumfar ta tashi. Yaron kuma Attahiru za ni ba, shi kai shi inda aka kai irinsu." Attahiru shi ne shugaban 'yan sintirin unguwa, mutum ne da bai cika tambaya sau biyu ba.

Ana cikin wannan hali sarauta ta zagayo kan Almu. Ɗan Fakku ne, daga can ƙasar Kebbe. Bayan rasuwar ubansa uwarsa ta dawo da su Tambuwal wajen danginta, shi kuma ya faɗa tasha, ya zama ba wanda ya kai shi shaƙa. Har sauran yaran sun ce a tsallake shi. Ɗangiwa ya ƙi. Ya miƙa masa gwangwani da hannu biyu, ya ce, "Ranka shi daɗe." Almu ya karɓa. Washegari aka gan shi da wata tsohuwar tagiya doguwa irin ta Oga Ɗangiwa, wai shi ma ya zama babba.

Ranar kasuwa Ɗangiwa ya tafi Dogon Daji gaisuwar rasuwa. Ya dawo bayan azahar, tun daga nesa ya ga rumfa ba yadda ya bar ta ba. Tayoyi a warwatse, bahon ruwa a kife, yaran sun yi cirko-cirko ba mai aiki.

"Ina Sarki?"

Can ɗaya ya ce, "Oga, 'yan sintiri sun kama shi cikin kasuwa. Shina ƙofar mai unguwa."

"Gwangwanin fa?"

"Ba mu gan shi ba."

Ɗangiwa bai ko kafe babur ɗinsa da kyau ba, ya bar shi ya faɗi.

Ƙofar gidan Maccido ta cika. Almu na durƙushe a tsakiya, idanunsa jawur, jikinsa na layi kaɗan-kaɗan. Warin sholisho kuwa ba sai an matso ba. Uwarsa na tsaye jikin katanga ta toshe baki da gefen mayafi. Attahiru na bayan yaron da dorina a naɗe a hannu.

"Ga malaminsu nan," in ji wani cikin taro.

Maccido bai amsa sallamar da ƙarfi ba. "Ɗangiwa, mi munka yi da kai?"

"Na tuna, ranka shi daɗe."

"To sansana."

"Na ji."

Attahiru ya ce, "Mun laluba aljihunai, babu komi. Ya shaƙe ya jefar. Mun tambaye shi ina gwangwani, ya ƙi magana. Ni dai a ba ni shi, rana na yi."

Ɗangiwa ya tsuguna gaban yaron. "Almu. Dube ni. Ka shaƙa?"

Almu ya girgiza kai, bai ɗago ba.

"To ina abin da ni ba ka?"

Yaron ya saci kallon gefen taron, ya mayar da ido ƙasa. Ɗangiwa ya bi inda ya kalla. Wasu samari ne na tasha, tsoffin abokan shaƙarsa, sun jingina da bishiya suna kallonsa ba ƙiftawa, ɗaya na wasa da wani abu a cikin aljihu.

"Ka gani?" in ji Maccido. "Ni ban son wulaƙanta ka, kai dattijo na. Amma magana ta riga ta fita bakina gaban mutane. Attahiru."

Attahiru ya kama wuyan rigar yaron. Uwar ta saki wani ɗan sauti. Almu ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, kuma a nan ne Ɗangiwa ya ga abin da duk taron bai gani ba. Yaro ya kifa kai haka, an fizge shi, amma tagiyar nan ko gezau. Ga kuma wani siririn zare mai yauƙi ya gangaro ta bayan kunne ya bushe a wuya. A duk faɗin Tambuwal mutum ɗaya ne ya san abin da wannan ke nufi.

"Dakata," ya ce. Ya miƙe tsaye, ya sake faɗi. "Dakata, Attahiru. Kun laluba aljihu. Cire mai tagiya."

"Wasa kaka yi da ni?"

"Cire mai, in ka iya."

Attahiru ya cafki tagiya ya ja. Almu ya yi ƙara ya miƙe tsaye tare da ita. Ya sake ja, yaron ya biyo shi taku biyu. Sai wani tsoho a baya ya ce, "La ilaha illallahu, an kuma!"

Ba kowa ya yi dariya ba, don ba a san ƙarshen abin ba tukuna. Aka aika kiran wanzami, shi dai wannan na ƙofar masallaci. Ya zo ya duba, ya dubi Ɗangiwa, ya ce, "Gado na ashe." Ya jiƙa da kananzir, ya bi da aska a hankali. Da tagiya ta ɗago, gwangwani ya gangaro ƙasa, murfinsa a karkace, da sauran gam a ciki.

Kafin nan samarin jikin bishiya sun sulale. Sai a lokacin Almu ya buɗe baki. Ya ce Oga na tafiya samarin nan suka zo don ya ba su gam ɗin. Da ya hango su ya tura gwangwanin ƙarƙashin tagiya, ya ce musu Oga ya tafi da shi. Suka birkice rumfa, suka mare shi, ba su samu ba. Ya shige kasuwa don ya ɓace musu, suka bi shi rumfa-rumfa cikin rana, bai samu inda zai cire ba, abin na narkewa yana gangaro masa, warin na hawa kansa har jiri ya kama shi.

"Mi ya hana ka faɗi tun ɗazu?" in ji Maccido.

"Suna tsaye, ranka shi daɗe. Sun san gidanmu."

Attahiru ya ce shi har yanzu bai gamsu ba, wanda wari ya bugar ai ya bugu. Maccido ya daɗe yana juya gwangwanin da ƙafa. Daga ƙarshe ya ce rumfa ta tsaya, amma a nemo akwati mai kwaɗo, kuma maganarsa ta farko tana nan ba ta canza ba. Ya ce wa Attahiru in aikin yake nema, ya bi sawun waɗanda suka jingina da bishiya ɗazu. Uwar Almu ta ja ɗanta gefe tana shafa ƙwaryar kan, tana faɗa tana kuka.

Akwatin yana nan yanzu a rumfa, makullin na wuyan Sarkin mako. Almu ya iya faci har direbobin Sakkwato na tambayarsa da suna. Samarin nan ba su daina wucewa ta gaban rumfar ba, kuma in sun wuce Ɗangiwa yakan ajiye abin da ke hannunsa har sai sun yi nisa.

Kwanan baya a teburin mai shayi wani ya ce masa, "Ɗangiwa, mutane na koya ma yara karatu da sana'a, kai ka koya musu liƙe tagiya."

Ya kurɓi shayinsa, ya shafa kai. "Ni nawa kan sakarci yal liƙe shi," ya ce. "Shi ko amana ta. Kuma ko ba komi, wanzami ya samu aiki."