Ranar da Na Yanke Wuyan Na'urar Malam Isiyaku

Jama'a, wallahi abin nan a kaina ya faru, lokacin ina sana'ar hoto a Yelwa, tun Yauri tana cikin Jihar Sakkwato. Akwai wani malamin kimiyya, Malam Isiyaku, da ke da na'urar hangen nesa, irin mai kama da turmi da madubi a gindinta. Gilashin da ake leƙawa ya fashe, shi ne ya ce in kwance idon kyamarata in kafa ta a wuyan na'urar, mu riƙa kallo ta ciki. Mun yi ta fama, komai dishi-dishi kamar an shafa masa koko.

Ran nan da la'asar iska ta taso a kogi, kwalekwalen da ya ɗauko Innata daga cin kasuwa a tsallake bai iso ba. Jirgi mai inji ɗaya ne a bakin ruwa, mansa kuma ba zai isa yawon nema ba, sai an san inda za a nufa. Ni da Malam muka kinkimo na'urar zuwa bakin ruwa, na murɗa wuyan har ya ƙure, ba na ganin komai sai fari-fari.

Sai na ji murya a bayana. Wata tsohuwa ce, zanenta sharkaf da ruwa, ta ce, "Ɗan nan, wuyan abin ga ya cika tsawo. Yanke shi, ka matso da idonka ciki."

Na ce, "To." Na ruga na ari zarto wurin makaniken inji. Malam ya runtse ido ya ce, "Yanke, rai ya hi ƙarhe." Na rage kamar faɗin yatsa biyu, na danna idon kyamarar na riƙe da hannu, sai ga komai tar. Mutane ne can nesa sun rungume wata busasshiyar bishiya a tsakiyar ruwa, ga jan kallabin Inna.

Kafin magariba aka kwaso su duka da rai. Na yi kuka a gaban jama'a, ban kuma ji kunya ba.

Da na nemi tsohuwar in yi godiya, Malam ya rantse bai ga kowa ba, ni kaɗai ya ji na ce "to". Na kwatanta wa Inna kamanninta, sai ta ce, "Ai ita ta riƙe ni cikin ruwa hal jirgi yaz zo."

Har yau ban san ko wace ce ba, sadaka dai nake yi mata duk Juma'a. Ku kuwa, in baƙo ya taimake ku a bakin ruwa, ku gode masa kafin ku juya baya.