Dajin da na ƙi tsayawa da Baba Isaka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina gangarawa tashar jirgin ƙasa na layin D a nan Bronx, Amurka, zan tafi aiki, Rabi ta kira ni. Muryarta kawai na ji na san ba lafiya. Ta ce, "Yaya Nura, Baba ya tafi."

Baba Isaka ya rasu.

Na zauna a kan matakala, mutane na ratsa ni suna wucewa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Isaka mutumin Zangon Kumasi ne, mahaifin Rabi, kuma abokin aikina a asibiti shekara shida. Ni ina ɗakin gwajin jini, shi yana tura marasa lafiya daga wannan sashe zuwa wancan. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma bai taɓa kirana da wani suna ba sai "Malam ɗan Kano".

Satina na farko a aiki na hau jirgin da ba nawa ba, na tsinci kaina a can unguwar Brooklyn mai nisa, na iso a makare ido ya raina fata. Shi ya ji ina waya da Hausa a bakin lif, ya tsaya. Ya ciro biro, ya zana mini hanyar gida har ƙofar asibiti a bayan takardar abinci. Yadda ya ja layukan nan sai ka rantse bugawa aka yi.

Daga baya na gane dalili. Aikin safiyo ya yi a Ghana kafin ya zo nan. Ya auna gonaki da hanyoyi shekara da shekaru.

Rigar sanyina ta farko shi ya ba ni. Ya ce ta yi masa kaɗan. Ƙarya yake, sabuwa ce.

Ranar Juma'a in Hajiya Memuna, matarsa, ta dafa wake da shinkafa irin na Zango, da nawa kwanon yake zuwa. Ko sau ɗaya bai manta ba.

Akwai wani wasa da yake so kamar ransa, Turawa na ce masa orienteering. Za a ba ka taswira da kamfas mai nuna arewa, ka shiga daji ka nemo wasu alamomi da aka kafa, ɗaya bayan ɗaya, ba waya ba GPS. Sau da yawa shi kaɗai ne baƙar fata a wurin, kuma dattijo. Mutanenmu na unguwar Concourse har tsokanarsa suke yi, wai ya baro daji a gida ya zo Amurka neman daji. Dariya kawai yake yi. Ya taɓa ce mini, "Duk mako bangon asibiti nake gani. Can kuwa ƙasa tana yi mini magana."

Abin da ke cin raina yau shi ne tafiyarmu ta garin Albany.

Watan da ganye ke yin ja ne, wani abokin aikinmu da ya koma can ya gayyace mu sunan ɗansa. Ni ke da mota, na ce zan ɗauki Baba. Na je unguwarsu, Mount Hope, da sassafe, na same shi a ƙofar gini ya sha babbar riga, ga wata jaka a kafaɗa. Na ce, "Baba, wannan kaya fa? Kwana za mu yi?" Ya ce, "Kai dai ja mota."

Mun yi kamar awa ɗaya muna tafiya ya buɗe jakar ya ciro taswira. Ya ce akwai wani daji a gefen hanyarmu, an kafa alamomin wasan a ciki dindindin, ba sai ranar gasa ba. Ya daɗe yana son ganinsa. In mun ratse, awa biyu ta ishe shi.

Da muka tsaya shan mai sai na ciro waya na duba wurin. Abin da mutane suka rubuta bai ba ni sha'awa ba. Wannan ya ce taɓo, wancan ya ce kaska, wani ya ce rabin alamomin sun faɗi ba a gyara ba, ga shi ko banɗaki babu. Sannan ratsen kansa ya kusa minti arba'in.

Na ce, "Baba, wurin nan bai kai a ɓata lokaci ba. Dubi abin da suka ce."

Ya shimfiɗa taswirar a kan bonet. Ya ce, "Malam, dubi nan. Ka ga yadda layukan nan suka matsu? Tudu ne mai tsayi. Ga duwatsu, ga tsohuwar katangar gona, ga rafi ya rabu biyu. Wanda ya rubuta maka taɓo yawon shan iska ya je. Ni ba shi zan je yi ba."

Na ce alamomin fa sun faɗi.

Ya ce, "Ko sun faɗi, dutsen yana nan."

Wallahi na ga yadda idonsa ke ƙyalli. Amma ni lissafina daban. Fararen kaya ne a jikina, na wanke mota jiya, kuma ba na son a ce 'yan Bronx sun zo a makare. Na ce, "Baba, mu bari sai bazara. Ni da kaina zan kawo ka, mu wuni."

Ya naɗe taswirar a hankali, yadda take tun farko. Ya ce, "To, Malam. Mai mota shi ke da hanya."

Bai sake tada maganar ba.

Mun isa Albany ko kujeru ba a gama jerawa ba. Sama da awa biyu muka yi zaune a falo muna jiran a sauke abinci. Ina kallon agogo ina jin kunya, shi kuwa yana ta wasa da jariri, bai ko kalle ni da maganar ba.

Da na sauke shi a gida gab da magariba, ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya yi albarka. Ka gaida iyali." Na ce sai Litinin.

Ran Litinin bai zo aiki ba. Aka ce ya ɗauki hutu. Na kira, ya ce ƙafa ce ke ɗan damunsa. Na yi ta cewa zan leƙa, aiki ya yi ta cina. Tsakanin gidana da nasa tasha uku ce. Uku.

Ɗazu na je gidan. Hajiya Memuna ta ce mini tun kafin tafiyar nan likitoci suka gaya masa yana da wani mugun ciwo, har ya bazu a jikinsa. Ya hana a faɗa wa kowa a wurin aiki. Ta ce sati guda ya yi yana nazarin taswirar nan a teburin cin abinci, kuma takalminsa na daji na cikin jakar ranar. Da ya dawo ta tambaye shi yaya dajin. Ya ce mata, "Ba mu samu tsayawa ba. Yaron yana sauri."

Ta ce ko kaɗan bai faɗe shi da fushi ba. Na san haka ne. Shi ya sa ya fi zafi.

Shekara shida yana yi mini alheri. Abu ɗaya ya taɓa roƙona, na duba waya na ce bai kai ba.

Na nemi Hajiya ta yafe mini. Ta ce, "Nura, ɗansa ya ɗauke ka. Ka yi masa addu'a kawai."

Rabi za ta sanar da lokacin jana'iza in an tsayar.

Ya Allah, ka jiƙan Baba Isaka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara a gare shi. Ka ba Hajiya Memuna da Rabi haƙuri da dangana.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya minti ɗaya ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara.