Burtalin da Sodangi Ya Rufe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha bakwai ga Agusta, 1965, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Sodangi na Rawayau, bayan jinyar kwana tara. Ni Alu, tare aka yi mana kaciya da shi, bulalar malami ɗaya muka sha, shi ya sa aka ce ni zan rubuta ta'aziyyarsa. Na ce a nemi wani, aka ce babu. To, Sodangi, ga ni.

Ba zan hana ka abin da yake naka ba. Kana da kyautar goro, ko da yake in ka ɓare, babban ɓarin aljihunka yake komawa. Shekarar da Inna ta karye a ƙafa, kekenka ka ba ni na ɗauko maɗori daga Kurfi, kuma ba ka yi mini zancen tayar da na fasa ba sai da ta fara takawa. Wannan na riƙe.

Na kuma riƙe ranin 1958, da malaman safiyo suka zo da sarƙar awo da taswira, za su ware ƙasar noma daban, ta kiwo daban. Kai aka haɗa da su, don ka yi ajin yaƙi da jahilci. Akwai burtali tun na kakanni, hanyar shanu mai shingen aguwa dama da hagu, daga rugar Yero, ta gefen maƙabarta, har tafki. A watan Maris suka zo, lokacin da ko yaron goye ya san Fulani sun yi kudu neman ruwa. Su baƙi ne, ba su ga saniya ko ɗaya ba. Babbansu ya tambaye ka ko har yanzu ana bin hanyar nan. Ina tsaye a wurin. Ka duƙa ka ɗauki busasshen kashin shanu, ka murje shi a tafin hannunka, ka ce, "Ranka ya daɗe, ka gani dai, na bara waccan ne."

Na wata biyu ne, Sodangi. Ka sani, na sani. Na yi shiru don ka raɗa mini cewa kowa zai samu rabonsa. Wannan laifina ne, kuma ko wurin shuka kuɓewa ban samu ba.

Aka shafa wa burtali kore, launin ƙasar noma, a takarda, aka kafa duwatsun siminti. Wurin da shanu suka yi shekara ɗari suna zuba wa taki, ba sai an gaya wa manomi abin da zai bayar ba. Kafin ruwan fari ka sare aguwa, ka haɗe shi da gonarka.

Yero ya dawo da garkensa, ya tarar da gero inda ya bar hanya. Ya zo zaurenka, ka shimfiɗa masa tabarma, ka ce ba kai ba ne, takarda ce. Har fura ka sa aka kawo masa, da nonon da matarsa ta kawo talla aka dama ta. Tun daga nan shanu sai su ratsa gonakin mutane kafin su sha ruwa. Kowace damina sai an zare sanda, har aka fasa wa ƙanen Yero kai, maƙwabta da suka tashi tare suka daina gaisawa. Sau biyu aka kai kuka Dutsin-Ma, aka buɗe taswira, aka ce kore ne. Rugage shida suka tashi, gonakinmu da shanunsu ke kwana a kai bayan kaka suka rame. Rumbu ɗaya ne ya ƙaru a garin nan, kuma ka san na wa. Yero kaɗai ya ƙi tafiya, don mahaifiyarsa na kwance a maƙabartarmu.

Abin da ka manta, burtalin nan shi ne hanyarmu ta kai gawa. Shekara bakwai muna zagayawa ta bakin fadama. Ranarka kuwa, ruwa ya yi kwana uku yana zuba, fadama ta cika har ƙugu. Muka tsaya da makara a bakin gonarka, gero ya fi mutum tsawo, ɗanka Hudu na kallon ƙasa. Sai ga Yero, wanda ba a aika masa ba, ya fito daga bayan sahu da sanda a kafaɗa.

"Ku biyo ni," ya ce. "Ƙafata ba ta manta ba."

Ya shiga gaba, muka bi shi da kai a kafaɗunmu, muna karya gero, har bakin kabari bai karkace ba. Ko kara ɗaya ban tausaya wa ba.

Da aka gama, liman ya roƙi jama'a su yafe maka. Yero ya ce nasa ya yafe, na shanu kuma sai a tambayi shanu. Ni ma na yafe nawa, tunda ina da na roƙo.

Hudu, ɗana, bayan sadakar arba'in za ku raba gado. Hanyar da makarar mahaifinka ta buɗe tana nan, faɗin mutum huɗu. Kada ka sa ta cikin rabo. Ni zan kawo aguwa, kuma zan je Dutsin-Ma in faɗi shekarun kashin nan, abin da ya kamata in faɗa tun ina da haƙora.

Allah Ya jiƙan ka, Sodangi, Ya yafe mana baki ɗaya. Ya ba matarka Kande haƙuri, da 'ya'yanka Hudu da Rekiya, da sauran iyali. Allah Ya yalwata maka kabarinka, kada Ya auna maka da sarƙar da ka auna mana. Amin.